Yadda Ake Lissafa Iskar CO₂ Da Jiki Ke Fitarwa Daga Tuwon Masara

Ɗaliban kimiyya a Gombe masu shirin WAEC da NECO sun san wannan ma'aunin sinadarai:

C₆H₁₂O₆ + 6O₂ → 6CO₂ + 6H₂O

Wannan shi ne yadda jiki ke ƙona gulukos (C₆H₁₂O₆), sukarin da sitaci ke komawa a jiki. Mol, wato ma'aunin ƙidayar ƙwayoyin sinadari, ɗaya na gulukos kan ba da mol 6 na CO₂. Wannan 1 da 6 ɗin ƙidayar mol ce, ba ta giram ba, kuma a nan mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe.

Fara da auna garin masara a sikeli tun yana busasshe. Kada ka auna malmalar tuwo, domin kaso mai yawa na nauyinta ruwa ne, ruwa kuwa ba ya ƙonewa a jiki. A ce garin giram 300 ne. Kusan kashi 70 cikin 100 na garin masara sitaci ne, wato giram 210.

Sai ka mayar da giram zuwa mol. Kowa ya haddace giram 180, nauyin mol ɗaya na gulukos, amma a cikin sitaci kowace ƙwayar gulukos ta rasa ƙwayar ruwa ɗaya wajen haɗuwa da 'yar'uwarta, don haka 162 ake rabawa da shi. 210 ÷ 162 ya ba da mol 1.3. Wanda ya yi amfani da 180 zai rage amsarsa da kashi 10 cikin 100.

Ninka da 6: mol 7.8. Ninka da 44, nauyin mol ɗaya na CO₂: kusan giram 343. Iskar ta fi garin nauyi, kuma ba kuskure ba ne, tunda iskar oksijin da huhu ya shaƙa ta shiga cikinta.

Idan lita ake so, lita 22.4 kan kowane mol da ke littafi tana aiki ne a sanyin digiri 0. A zafin Gombe na watan Afrilu, misali digiri 35, mol ɗaya kan kai lita 25.3, don haka ana maganar lita 197 maimakon 175.

Miya fa? Man gyada da manja lissafinsu daban. Mai yana cin oksijin da yawa, yana fitar da CO₂ kusan 7 a kan kowane oksijin 10, ba ɗaya-da-ɗaya kamar sitaci ba. A auna man daban, a yi masa nasa ma'aunin, sannan a haɗa da na tuwon.