Gajiya ce ko aikin ne ya ishe ki? Abin da nas za ta duba kafin ta ajiye aiki

Kada ki rubuta takardar ajiye aiki da safiyar da kika sauka daga dutin dare. Wanda ya kwana uku a jere a tsaye, komai ya kalla baƙi yake gani. Ana fara gyara abin da ke hannu tukuna, sannan a ga abin da ya rage. Da mace ake magana a nan, amma namiji nas ma duk nasa ne.

Gajiya iri biyu ce. Akwai wadda barci ke wankewa: kwana biyu a gida, kin dawo garau. Akwai kuma wadda ko hutun shekara ba ya motsa ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta biyun a kundinta na rarrabe cututtuka, ICD-11, a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ba cuta ba, da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin, aikin kuma ya fara sukurkucewa a hannu. Ta tsakiyar ce ta fi ɓuya. Ranar da majinyaci ya kira ki kika ji haushi ya riga tausayi zuwa, ko kika lura ba ki san sunan kowa a ɗakin ba sai lambar gado, to ki tsaya ki dubi kanki.

Barci ne farkon gyara. Kafin daren farko, ki kwanta kamar awa ɗaya da rabi da yamma. Cikin dare, in an ba da damar hutawa, minti 20 zuwa 30 ya isa. In ya zarce haka za ki tashi da nauyin kai, kuma a irin wannan lokacin ake kuskuren lissafin magani. Kofi ko shayi mai ƙarfi a sha a farkon duti, domin bayan awa biyar ko shida kusan rabin sinadarinsa yana nan a jini. Wadda ta sha kofi ƙarfe huɗu na asuba ita ce ke juyi a gado ƙarfe tara. Da kin fito, sanya baƙin tabarau, hasken safe yana gaya wa ƙwaƙwalwa gari ya waye. A gida, labule mai kauri, waya a kashe, mutanen gida su san cewa barcin nan naki shi ne darenki. Abin nema awa bakwai cikin awa 24, ko da a kashi biyu ne. Idan idonki na rufewa, kada ki tuƙa mota.

Bayanki kuma shi ne jarinki. Ɗaga gado ya kai ƙugunki kafin ki juya majinyaci, ki matso kusa da shi, ki durƙusa da gwiwa maimakon sunkuyawa. Majinyacin da ba ya iya taimakon kansa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Allura in ta soke ki, wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ki matse, ki kai rahoto nan take. Maganin kariya daga HIV ana son fara shi cikin sa'o'in farko, bai kamata ya wuce awa 72 ba, ana kuma shan sa kwana 28. Masu ɓoyewa saboda kunya su ne ke shafe watanni cikin fargaba.

Wani nauyin kuwa gida ake tafiya da shi: na ba da maganin nan? na faɗa wa likita? Maganinsa miƙa aiki a rubuce, kowane majinyaci layi huɗu: halin da yake ciki yanzu, abin da ya kawo shi, abin da kika gani, abin da ya rage a yi. Idan majinyata sun fi ƙarfin ma'aikatan da ke duti, sanar da shugabar ɗaki a rubuce, da kwanan wata da adadi. Ƙorafin baki iska ke ɗauke shi. Haka in kuskure ya faru: lafiyar majinyaci tukuna, sai likita, sai rahoto. Kada a taɓa gyara abin da aka riga aka rubuta a fayil. Wannan ya fi kuskuren kansa saurin cin lasisi.

Bayan wata ɗaya ko biyu kina haka, sai ki zo kan shawara. A tsawon lokacin, duk ƙarshen duti rubuta layi ɗaya: me ya fi ƙona miki rai yau? In kin karanta za ki ga inda matsalar take. Idan sunan shugaba ɗaya ko jadawalin duti ke ta maimaituwa, ɗakin ne, nemi canjin sashe. Mai son aiki mai tsari ta duba ɗakin tiyata ko sashen wankin ƙoda. Wadda dutin dare ya kayar ta duba sashen masu zuwa su koma gida, ko lafiyar al'umma, ko koyarwa. Idan rashin kayan aiki ne da jinkirin albashi, asibitin ne. Sai in ganin mara lafiya kansa ne ya zame miki azaba za a ce sana'ar ce.

Kafin ki shiga kwas ɗin ƙwarewa, nemi ki yi duti biyu ko uku a sashen, ki tambayi masu shekara biyar a ciki abin da suka tsana. Mai harin ƙetare ta san Birtaniya na neman shaidar Turanci ta IELTS ko OET, da jarrabawar kwamfuta da ta gwajin aiki wato OSCE. Amurka kuwa jarrabawar lasisin nas ce, wato NCLEX. Karanta kwantiragi har ƙarshe, musamman sharaɗin mayar da kuɗi in kin bar aikin da wuri. Kuma kada ki saki aikin hannu sai sabuwar takarda ta iso, lasisinki ma kada ki bari ya mutu ko da kin huta.

Idan kuwa rashin barci, yawan kuka ko fita daga sha'awar komai sun haura mako biyu, ko tunanin cutar da kanki ya zo, zancen ya wuce na canjin sashe. Ki ga likita a wannan makon, tunanin cutar da kai kuwa a ranar.