Yadda Ake Gyara Gajeren Fim Da Ra'ayin 'Yan Kallo

Na sha ganin ɗalibi ya gama tace fim ɗinsa, ya tara abokai a ɗaki, a kalla, kowa ya ce "Kai, wallahi ya yi kyau!" a watse. Bayan mako biyu malamai su kalla su ce ba su gane dalilin da ya sa yarinyar ta bar gida ba. Su ma abokan ba su gane ba, kunya ce ta rufe musu baki. To ga yadda za ka kauce wa wannan.

Da farko, kada ka jira sai fim ya kammala. Ka nuna shi tun yana tacewar farko, kafin gyaran launi da kiɗan ƙarshe, domin wanda ya kwana uku yana gyara launin wata fitowa ba zai yarda a yanke ta ba ko da ita ce ke kashe labarin. Sauti kaɗai ne ba a yi masa uzuri. Ɗan kallo zai haƙura da hoto mai duhu, amma in bai ji magana ba, duk ƙorafinsa a kan sauti zai ƙare, ka tashi ba ka ƙaru da komai ba. Ka kuma sa agogon minti da daƙiƙa a gefen hoton. Manhajar tace fim ta DaVinci Resolve, ta kyauta ma, tana yin wannan, ba sai ka sayi komai ba.

Sai zaɓen masu kallo. Duk wanda ya karanta labarin a rubuce, ko ya riƙe fitila ranar ɗauka, ko ya fito a ciki, ka cire shi. Ya riga ya san abin da kake nufi, zai cike giɓin da kansa. Mutum biyar zuwa takwas sun isa. Kuma kada ka ƙarar da mutanenka a zama ɗaya, ka ajiye wasu don zagaye na biyu, tunda sau ɗaya mutum ke kallon fim a karon farko.

Ranar kallo ka kama bakinka. Ban da "ku yi haƙuri, ba mu samu ɗaukar kaza ba". Kunna kawai, ka koma baya da takarda. Su suna kallon fim, kai kana kallonsu. A minti na nawa wani ya zaro waya? Ina aka yi dariya a wurin da ka so a ji tausayi? Rubuta. Abin da jiki ya nuna ya fi abin da baki zai faɗa gaskiya.

Da an gama, kafin kowa ya yi magana, raba takarda. In ka bari aka fara hira, mai babbar murya zai ja kowa zuwa ra'ayinsa. Tambaya huɗu nake yi, ba na ƙarawa: ba ni labarin a jimla uku, me jarumin yake so, ina hankalinka ya bar fim ɗin, me ba ka gane ba. "Ya yi kyau?" ba tambaya ba ce, roƙon yabo ne.

Nan ne wurin da aka fi faɗuwa, nan ni ma na faɗi. Ɗan kallo ya san inda ya ji ciwo, amma bai san inda cutar take ba. A wani fim na minti 12 da na yi ina ɗalibi, mutum huɗu suka ce ƙarshen ya yi tsawo. Na yanke, na sake yankewa, har ya zama kamar an katse wuta, aka kuma ce bai gamsar ba. Ashe matsalar tana minti na uku: ban nuna a fili cewa jaruman fim ɗin biyu wa da ƙani ne ba, don haka sulhun da suka yi a ƙarshe bai taɓa zuciyar kowa ba. Hoto ɗaya na daƙiƙa biyar da na mayar a farko shi ya gyara ƙarshen. Saboda haka duk inda aka yi ƙorafi, ka waiwaya baya ka tambayi kanka me ya kamata a sani kafin a iso nan.

Haka in aka ce ɗan wasa bai iya ba. Wataƙila ya iya, abin da ka jera kusa da fuskarsa ne bai dace ba. Tun sama da shekara 100 da suka wuce Lev Kuleshov, wani mai shirya finafinai na Rasha, ya nuna cewa fuska ɗaya tana iya zama ta yunwa ko ta baƙin ciki, gwargwadon hoton da aka haɗa ta da shi. Gwada sauya jerin kafin ka zargi kowa.

Maganin da za su ba ka kuwa, irin "ƙara kiɗa" ko "a kashe mugun", ka yi godiya ka ajiye. Fim ɗinsu suke ba ka labari. Ƙa'idata ita ce: mutum ɗaya ya faɗa, ra'ayinsa ne, uku suka nuna wuri ɗaya ba tare da sun haɗa baki ba, akwai gyara. Kuma kada ka taɓa kwamfuta a daren, ka bari zafin ya huce tukuna.

Wajen gyara, fara da mai araha: yanka, sauya jeri, sake naɗar murya. Sake ɗauka shi ne na ƙarshe, don tattaro 'yan wasa kyauta karo na biyu aiki ne. Ajiye kowane kwafi da sunansa da kwanan wata. In gasa kake hari, duba ƙa'idar tsawo tun yanzu: gasar gajerun finafinai ta Cannes a Faransa ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15, Oscar kuma minti 40. Sannan ka kira mutanen da ka ajiye, ka ba su tambayoyin nan huɗu ba canji. In labarin da suka rubuta a jimla uku ya zo daidai da naka, rufe tacewa ka wuce gyaran launi.