Darasi na Tara: Kayan Koyar da Aikin Duba-gari a Zamanin Da

A shekarar 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma. Wani likita mai suna John Snow ya zana taswirar unguwar, ya ja baƙin layi a daidai kowane gida da aka yi rasuwa, sai ga layukan sun yi cincirindo kewaye da famfon titin Broad, wanda daga baya aka gano ƙazantar wata tsohuwar shadda ce ke tsiyaya cikin rijiyarsa. Har gobe ana koyar da ɗaliban kiwon lafiya da wannan taswira.

Sai dai taswira ba ta nuna abin da ke binne a ƙasa, alhali nan ne matsalar magudanar ruwa take. Saboda haka a 1879 aka buɗe gidan nunin kayan tsafta na Parkes a Landan, inda aka jera bututai da masai iri-iri, domin masu koyon aikin duba-gari su gani da idonsu, su taɓa da hannunsu. Abin da aka fi nanata musu shi ne lanƙwasasshen bututun da ke ƙarƙashin masai, wanda kullum yake riƙe ruwa kaɗan a gwiwarsa, ruwan kuma ya tare wa wari hanyar komowa cikin ɗaki. Mutanen lokacin da yawa sun ɗauka wari ne ke kawo cuta. Sun yi kuskure a dalilin, amma dabarar tasu ta yi amfani, shi ya sa ba a daina ta ba. An kuma koya musu hura hayaƙi cikin bututu, duk inda hayaƙin ya ɓullo, to nan ne ya tsage. Game da gangare kuwa, ƙa'idar da suka haddace ita ce bututu mai faɗin inci 4 ya sauka ƙafa 1 a kowace ƙafa 40.

Irin wannan horo ya iso ƙasarmu, aka buɗe Makarantar Tsafta ta Kano a 1932, daga baya kuma motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa suna nuna wa jama'a yadda ake kare kai daga cututtuka.

Aikin gwaji: ku kwaɓa yumɓu, ku gina ƙananan kwatoci biyu a kan katako, ɗaya a shimfiɗe, ɗaya da ɗan gangare, sannan ku zuba musu ruwa mai haɗe da yashi daidai wa daida. Ku lura da wadda yashi ya kwanta a cikinta har ruwa ya tsaya, domin a irin wannan kwantaccen ruwa sauro ke yin ƙwai. Idan kun koma gida, kowa ya duba rariyar gidansa, ya rubuta jimla uku a kan inda ruwanta yake ƙarewa.