Kafin ka ba da kafin alƙalami, kira mai duba gini

Duk shekara da watan Satumba ya kama, wayata ba ta hutawa. Ɗan uwa ya dawo daga hutu a bakin teku, ya ga gida, gidan ya shiga ransa. Zai turo mini hotuna: farin bango, baranda mai kallon ruwa, bishiyar lemo a tsakar gida. Sai in yi masa tambaya ɗaya: wa ya duba maka ginin? Amsar kusan kullum iri ɗaya ce. "Ai na zagaya shi da kaina har sau biyu, kuma dillalin mutumin kirki ne."

Ina alfahari da mutanenmu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Wanda ya sauka a Turai da jaka ɗaya, ya yi gadi, ya yi wanke-wanke, yau yana maganar gida na biyu a Sifaniya ko Turkiyya. Amma mutumin da ba zai sayi tsohuwar mota ba sai bakanike ya leƙa ƙarƙashinta, shi ne zai kwashe tarin shekara goma sha biyar ya zuba a gidan da ya gani na minti arba'in da rana tsaka. Wannan abu yana ba ni haushi, kuma haushin ya fi yawa saboda ni ma na yi.

Takardun farko ba su da wuya. A Sifaniya za ka karɓi lambar baƙi da suke kira NIE, ka buɗe asusun banki, shi ke nan. Ka dai sani mallakar gida ba ta ba ka izinin zama. Idan bizar ziyara gare ka, kwana 90 ɗinka cikin 180 yana nan yadda yake, kuma bizar masu zuba jari da dillalai suke ruɗar mutane da ita Sifaniya ta soke ta a Afrilun 2025. Mu wuce nan.

Nawa gidan a kudancin Sifaniya yake, a jikin tudu. A watan Agusta na gan shi, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, wata uku ba ɗigon ruwa. An shafe shi da sabon fenti ciki da waje, ni kuwa na ɗauka tsafta ce. A ɗakin baya akwai wata ƙatuwar durowar kaya da mai gidan ya ce ya bar mini kyauta, har na yi masa godiya. Dillali ya ce akwai wasu Jamusawa da za su zo gobe da kuɗi a hannu. Na san wannan tsohuwar dabara ce, amma gani ya kori ji, zuciya ta riga ta tafi. Na sa hannu a yarjejeniyar da suke kira arras, na biya kashi 10 cikin ɗari. Tsarin yarjejeniyar da aka fi yi shi ne, idan kai ka janye kuɗinka ya tafi, idan mai gida ne ya janye ya biya ka ninki biyu. Ka ga daga ranar an ɗaure ni. Ko da na gano wani abu bayan nan, janyewa asara ce.

A Fabrairu na koma da iyali. Ina buɗe ƙofa wani wari ya tarbe mu, irin na tufafin da aka manta a bokiti. Uwargida ta ce mu ja durowar nan mu share bayanta. Da ƙyar muka matsar da ita, sai ga bango baƙi ƙirin tun daga ƙasa har ƙugu, filasta ta kumbura, da ka taɓa ta da yatsa ta zubo kamar gari. Bangon baya a jingine yake da tudun, duk ruwan da ya sauka a dutsen ta nan yake tsatsowa. Ba ta ce mini komai ba. Ta kalle ni kawai, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan nan na nemi wanda ya kamata in nema tun farko. A can ana ce masa arquitecto técnico, wasu su ce aparejador. Dattijo ne, ya zo da tsani, tocila, wata 'yar na'ura mai allura biyu ta auna danshi, da sukurdireba a aljihun baya. Awa huɗu ya yi. Ya hau rufi, ya ɗaga tayil, ya shiga cikin silin ya kira ni in hawo. Ya kafa sukurdireban a jikin katakon da ke ɗauke da rufin, sai na ga ya nutse har mariƙi ba tare da ya yi wani ƙarfi ba. Ƙwari sun cinye cikin, ɓawo kawai ya rage. Daga nan ya auna gidan da tef, ya kwatanta da takardar rajista, ya ce, "Ɗakin saman nan ba ya cikin takarda." Ɗakin da ya sa na sayi gidan ke nan. Wani mai gidan na baya ya ɗora shi ba izini. Abin da na biya dattijon bai kai kuɗin jirgin da muka zo da shi ba, gyaran kuwa ya ci mini shekara uku ina zubawa. Doka ta ba mai saye wata shida kacal ya kai ƙara kan aibin da aka ɓoye a tsohon gida, ni kuma lokacin da na gama fahimtar abin da ya same ni, wa'adin ya kusa ƙurewa, mai gidan ya bar ƙasar.

Inda 'yan uwa suka fi ruɗewa shi ne sun ɗauka ai wani ya riga ya duba. Banki ya turo mutum, to ai an duba. A'a. Mutumin banki kima ya zo yi, yana so ya tabbatar idan ka kasa biya gidan zai mayar musu da kuɗinsu. Ba zai hau rufi ba. Notari kuma shaida ne na hukuma, yana tabbatar da ku wane ne da abin da kuka sa wa hannu, bai taɓa taka gidan ba. Dillali la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki, don haka kada ka karɓi mai duba gini ko lauya daga hannunsa, ko da ya rantse maka. Wanda ya zauna a Ingila ya saba ana ɗauko mai duba gini kafin saye, har matakan bincike uku suke da su. A Sifaniya da Faransa ba al'ada ba ce, za ma a yi maka kallon mai tsirfa. Bari su kalla.

Faransa tana da nata tarkon, domin can mai sayarwa dole ya ba ka tarin rahotanni: na darma idan an gina gidan kafin 1949, na asbestos (wani kayan gini mai cutar da huhu) idan izinin ginin ya gabaci Yulin 1997, na wayoyin lantarki da bututun gas idan sun haura shekara 15, na gara a yankunan da hukuma ta ayyana, na yawan makamashin da gidan yake ci, da na shadda idan gidan bai haɗe da magudanar gari ba. Mutum zai ga takardu sun yi kauri ya ce alhamdu lillahi. Amma duk cikinsu ba wanda aikinsa shi ne ya gaya maka harsashin ginin yana nutsewa ko rufin ya gaji. Kuma a yankunan ƙasar yumɓu, fari yana sa ƙasa ta motse, damina ta sa ta kumbura, bango ya tsage kamar matakala. An ga haka sosai bayan farin 2003 da na 2022. Idan rahoton shadda ya ce ba ta cika ƙa'ida ba, kai mai saye aka ba shekara ɗaya ka gyara. Abin da Faransa ta fi shi ne kwana 10 da doka ta ba ka ka janye bayan sa hannun farko ba tare da ka yi asarar ko sisi ba. Kada ka kashe kwanakin nan wajen zaɓen labule.

Masu sayen ɗaki a dogon bene su ma kada su ce sun tsira. A Sifaniya, tsakanin shekarun 1950 da 1970, an yi gine-gine da wani siminti mai saurin kamawa wanda danshi yake ruɓar da shi a hankali. A 1990 wani gini a unguwar Turó de la Peira ta Basalona ya rufta saboda shi. A bakin teku kuma iskar gishiri tana cin rodin da ke cikin kankare, ka duba ƙasan baranda, idan ka ga jan zane na tsatsa ka tsaya. Ka nemi rubutattun bayanan taron masu gidajen benen na shekarun baya, a nan za ka ga ko ana shirin karo-karon gyaran rufi da zai faɗo kanka wata biyu da tarewa. A yawancin Sifaniya, bashin kuɗin hidimar bene na shekarar da ake ciki da shekara uku kafinta yana bin ɗakin ne, ko wa ya saya.

Batun izini kuwa ba wasa ba ne. A Janairun 2008 aka rushe gidan wasu ma'aurata 'yan Birtaniya a Vera, lardin Almeriya, alhali suna riƙe da izini daga ƙaramar hukuma, sai gwamnatin yankin Andalusiya ta ƙalubalance shi. Lauyanka ya ciro nota simple, wato takardar bayanin gidan a taƙaice, daga ofishin rajistar gidaje, mai duba gini ya auna abin da ke tsaye a ƙasa, a haɗa biyun a ga ko sun yi daidai. A Turkiyya takardar mallaka, tapu, daban take da takardar izinin zama a ginin, iskan. Kuma a 2018 an yi afuwa ga gine-ginen da ba su da izini, an ba su takarda bayan sun biya kuɗi, ba tare da injiniya ya gwada ƙarfinsu ba. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe mutum fiye da 50,000 a ƙasar. Can injiniyan gini za ka nema, ka tambayi shekarar da aka yi ginin, ka kuma leƙa shagunan ƙasa ko an sare ginshiƙi don a faɗaɗa wuri.

Idan mai gida ya matsa sai ka ba da kafin alƙalami yanzu, lauyanka ya rubuta sharaɗi a yarjejeniyar cewa idan binciken ya nuna babban aibi kuɗinka zai dawo. Rahoton ya zo a rubuce, da hotuna, da kiyasin kuɗin gyara, cikin harshen da kake ji. Da shi za ka koma ka nemi ragi. In da hali ka je ranar da za a duba, ka bi mutumin ɗaki-ɗaki, ka kuma sake ziyartar gidan da sanyi, bayan an yi ruwa.

Makon jiya wani ƙanena a zaman nan ya kira ni daga Alikante ta Sifaniya, murya tana rawa don murna. Ya ce, "Yaya, mai gidan har kujeru da durowa ya ce zai bar mini." Na ce masa ya ajiye wayar, ya je ya ja durowar, sannan ya sake kira na.