Yadda ake kai gungumen itace injin katako ta kogi, irin na zamanin Philetus Sawyer

Philetus Sawyer ya koma jihar Wisconsin ta Amurka a 1847, ya yi arziki da katako a garin Oshkosh, har ya zama sanata daga 1881 zuwa 1893. Itacensa ta Kogin Wolf yake gangarowa. Ga yadda ake aikin a wancan zamani.

A yi sara da hunturu, lokacin da fadama ta daskare har za ta ɗauki dawakai da kaya. A zaɓi farin fayin, wata bishiya mai itace marar nauyi, domin shi ne ke yawo a bisa ruwa. Itatuwa masu tauri da nauyi sukan nutse a hanya. A yayyanka kowace bishiya gunduwa-gunduwa, galibi ƙafa 16. Da dare a riƙa kwarara ruwa a kan hanya ya zama ƙanƙara, sai amalanke marar taya ya yi ta sulɓi. A gangara kuwa a barbaɗa yashi ko ciyawa, in ba haka ba kaya su bi ta kan dawakai.

Kafin a jibge gumagumai a bakin kogi, a auna su. A lissafin Doyle, wato hanyar ƙiyasta katakon da gungume zai bayar, ana auna faɗin siririn bakin gungume da inci, a cire 4, a ninka abin da ya rage da kansa. Gungume mai ƙafa 16 da faɗin inci 20 zai ba da 256, wato falle 256 masu ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, inci ɗaya kauri. Lissafin yana tauye ƙananan gumagumai, saboda haka mai saye ne ke cin riba. Daga nan a buga hatimin mai kaya da guduma a bakin kowane gungume, hatimin da aka yi wa rajista. Gungumen da ba shi da shaida, mai shi ya yi asararsa.

Ƙanƙara na narkewa, kogi ya kawo, sai a tura su ciki. Kada a yi jinkiri: ruwa na janyewa, itacen ya kwana a tudu sai baɗi. Ma'aikata su sa takalma masu ƙusoshi a tafi, su riƙe sanda mai tsini da ƙugiya.

Babban bala'i shi ne cunkoso. Gungume ɗaya ya maƙale a dutse ko kwana, na baya su yi ta hawa kansa. A nemo wanda ya tokare sauran a zare shi, in ya faskara a sa nakiya. Cunkoson Kogin St. Croix na 1886 sai da ya ci kusan mako shida.

A ƙarshe a tare su da shingen gumagumai da aka ɗaure da sarƙa, a ware na kowa bisa hatiminsa, a ja su zuwa inji. Duk wannan yana buƙatar kogi marar cikas, kuma da Sawyer ya shiga Majalisar Wakilai a 1865, samo kuɗin gyaran koguna da tashoshin ruwa na yankinsa na daga cikin abin da ya fi sa wa gaba.