Inshorar Toyota: inda masu mota ke tafka kuskure a Zariya

Tsaya a Kwangila na minti goma ka ga yadda Corolla da Camry da Sienna ke cika titi. Muna son Toyota don kayan gyaranta ba su da wuyar samu, amma sakacin da muke yi da inshorarta yana damuna ƙwarai.

Babban kuskure shi ne miƙa wa dillali kuɗi ya haɗo takardun mota gaba ɗaya, ka ninke su ka jefa a aljihun mota ba ka duba ba. Wani maƙwabcina a Tudun Wada ya bugi bayan wata mota a hanyar Kaduna, ya zaro takardarsa da ƙarfin gwiwa, ashe ta bogi ce. Sai da ya sayar da fili ya biya gyara. Tun Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta sa kuɗin ƙaramar inshora ta dole a kan naira 15,000 ga motar gida, kuma tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Duk wanda ya ce zai yi maka a dubu biyar, yaudararka zai yi. Shiga askniid.org ka sa lambar motarka, in bayanan inshorarta ba su fito ba, alama ce ba ka da inshora.

Sannan ka sani, ita wannan ƙaramar ba ta biyan gyaran taka motar, balle in an sace ta. Toyota kuwa ɓarayi na sonta saboda kayanta na da kasuwa. Mai Hilux ko Camry mai tsada, cikakkiyar inshora ta kamace shi, kuɗinta daga kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. A nan ma wasu kan rage darajar don su biya kaɗan, ko su bar farashin shekaru uku baya. Ranar da kamfanin inshora zai biya ka diyya, darajar da ka rubuta za a duba. Sabunta darajar duk shekara.

Mai Siennar da ya yi mata inshorar motar gida yana lodin Kano da ita, ya je a canza masa zuwa ta haya. Haka in ka sauya inji, ka sanar da kamfanin inshorar.

In tsautsayi ya faru, kada ka garzaya gareji. Ɗauki hoto, nemi rahoton 'yan sanda, ka kira kamfanin kafin bakanike ya taɓa motar.

Mai shakka ta fuskar addini kuma, akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin na kamfanonin Jaiz da Noor, kuma NAICOM ce ta ba su lasisi.