Yadda ake gano sabon bariyon mai kwak ɗin cham daga tarkacen karon furoton

Duk lokacin da na kawo wa ɗalibaina a nan Bauchi labarin abin da ya faru a watan Maris na 2017, sa'ad da ƙungiyar masu gwajin LHCb, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen cibiyar binciken fiziks ta CERN, ta sanar da gano sabbin ƙwayoyi biyar na dangin Omega-c a lokaci guda, tambayar da ake fara yi mini ita ce: "Malam, da wace irin na'ura aka ɗauki hotonsu?" Amsar ita ce babu wanda ya taɓa ganinsu, kuma babu na'urar da ta taɓa kama su, domin suna wargajewa tun kafin su yi tafiyar da za a iya aunawa. Abin da ake yi ya fi kama da aikin mai bin sawu a dajin Yankari, wanda zai dubi ƙasa da karyayyun rassa ya gaya maka cewa giwa ce ta wuce, alhali bai sa ta a ido ba. Wannan hanyar bin sawun nake so in shimfiɗa a nan, domin ɗalibin fiziks da ya iya lissafi zai iya bin ta daga farko har ƙarshe.

Kafin a taɓa kwamfuta, dole a san abin da ake nema. Bariyon ƙwaya ce da kwak uku, wato ƙananan tubalan ginin ƙwayoyi, suka haɗu suka yi, kamar furoton, wanda nauyinsa ya kai MeV 938 (MeV shi ne ma'aunin kuzari da nauyi a wannan fanni). Idan ɗaya daga cikin ukun ya kasance kwak ɗin cham, wanda aka tabbatar da samuwarsa a 1974 a Amurka, sai a sami bariyon mai nauyi sosai. Lamda-c yana da MeV 2286, Ksi-c mai caji yana da kusan MeV 2468, shi kuwa Omega-c, wanda ya ƙunshi cham ɗaya da kwak biyu na nau'in s, yana da MeV 2695. Waɗannan su ne yanayin da kwak ɗin suke zaune a natse. Amma kamar yadda makaɗin kalangu ke matse tsarkiya ya fitar da murya mafi tsayi daga fata guda, haka kwak ukun nan za su iya ɗaukar ƙarin kuzari, su riƙa kewaya juna ko su sauya yadda juyinsu, wato abin da Turawa ke kira spin, ya jeru. Ƙarin kuzari kuwa ƙarin nauyi ne, saboda haka kowane irin wannan yanayi yakan bayyana a matsayin ƙwaya mai nauyinta na daban. Darajar nemansu ita ce cham mai nauyi yana zama kamar turke a tsakiya, sauran biyun suna motsi a gefensa, wanda hakan ke ba masana damar gwada fahimtarsu game da ƙarfin da ke ɗaure kwak wuri ɗaya.

Aiki na farko shi ne zaɓen ƙofar da za a tsaya a jira. Tunda ba za a ga uwar ba, sai a yanke shawarar ta waɗanne 'ya'ya za a gane ta. Masu LHCb sun zaɓi wargajewar Omega-c zuwa Ksi-c mai caji mai kyau da wata ƙwaya mai suna kayon mai caji kishiyarsa. Lissafin da ya sa wannan zaɓi ya yi ma'ana yana da sauƙi: nauyin kayon MeV 494 ne, idan aka haɗa da 2468 za a sami kusan 2962. Duk wani Omega-c da ya wuce wannan nauyi yana da halin fita ta wannan ƙofa, wanda bai kai ba kuwa ba shi da hali. Shi ya sa Omega-c mai nauyin 2770, wanda gwajin BaBar ya gano a 2006, ba ta nan aka same shi ba, ta hanyar fitar da ƙwayar haske aka gane shi. Ina jaddada wa ɗalibai su yi wannan ɗan lissafi da biro kafin komai, domin wanda ya tsaya a ƙofar da ba ta buɗuwa zai ƙare shekara bai ga kowa ba.

Daga nan sai a koma ga na'urar. Injin LHC na cibiyar CERN, a kan iyakar Switzalan da Faransa kusa da Janeba, zobe ne mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, inda ake gwara furoton da furoton. Bayanan da aka yi amfani da su a 2017 an tara su ne a kuzarin TeV 7 da 8 da 13 (TeV ɗaya MeV miliyan ɗaya ne). Kowane karo yana watsa ƙwayoyi masu yawa, kuma a cikinsu ake neman guda huɗu kacal: furoton, da kayon, da wata ƙwaya marar nauyi sosai mai suna fayon, waɗanda su ne 'ya'yan Ksi-c, sai kuma kayon na biyu wanda ya fito kai tsaye daga Omega-c.

A nan ne dabarar ta fi kyau, kuma a nan ya kamata mai koyo ya fi daɗewa. Ksi-c yana rayuwa na kusan kashi 0.45 cikin tiriliyan na daƙiƙa. Wannan lokaci kamar ba komai ba ne, amma da yake yana gudu kusa da saurin haske, yakan yi tafiyar 'yan milimita kafin ya wargaje. Na'urar VELO, wadda ke zaune 'yan milimita kaɗan daga hanyar furoton, tana iya auna wannan tazara. Saboda haka sai a nemi sawu uku da suka haɗu a wuri ɗaya wanda ya ɗan goce daga inda aka yi karon. Shi kuwa Omega-c mai ƙarin kuzari, a take yake wargajewa, don haka kayon ɗinsa dole ya nuna cewa daga wurin karon ya taso. Sawu uku daga gefe, sawu ɗaya daga tsakiya: wannan siffa ita ce rariyar farko, kuma ita ce ke zubar da mafi yawan abin da ba a buƙata.

Sauran aune-aunen biyu ne. Maganaɗisu yana lanƙwasa hanyar kowace ƙwaya mai caji, daga lanƙwasar kuma ake sanin ƙarfin tafiyarta da irin cajinta. Sannan na'urorin RICH guda biyu suna kama zoben hasken da ƙwaya ke fitarwa idan ta ratsa iskar gas da saurin da ya wuce na haske a cikin wannan iskar, kuma girman zoben ne ke bambanta kayon da fayon da furoton. Kada a raina wannan mataki. Fayon ya fi kowa yawa a cikin karo, kuma idan aka ɗauke shi a matsayin kayon, lissafin nauyi zai karkace, har ya iya tara ƙwayoyi a wurin da babu komai.

Bayan an tace, sai lissafi. Ana haɗa kuzarin 'ya'yan wuri ɗaya, a haɗa ƙarfin tafiyarsu tare da lura da alkiblar kowanne, sannan a yi amfani da ƙa'idar Ainistain, wadda a ma'aunin masu wannan fanni ake rubuta ta m² = E² − p², inda m ke nufin nauyi, E kuzari, p kuma ƙarfin tafiya. Abin da ya fito shi ne nauyin uwar da ta haife su. Ana fara yin haka ga sawu ukun, a tabbatar sun taru a kusa da 2468, a riƙe waɗanda suka faɗa kusa da wurin. Sai a ƙara sawu na huɗu, wato kayon na biyu, a sake lissafi. Akwai wata hikima da ake yi a nan: a cire nauyin Ksi-c da aka auna daga jimillar, a mayar da sanannen nauyinsa a gurbin, domin kuskuren awo na sawu ukun ya soke kansa, hoton ya ƙara fitowa tas.

Sakamakon dubban irin wannan lissafi ake jerawa a zane, nauyi a kwance, yawan ƙwayoyi a tsaye. Yawancinsu haɗuwar katsaham ce tsakanin Ksi-c na gaskiya da wani kayon da ba ruwansa da shi, kuma waɗannan sukan shimfiɗu sumul kamar ƙaiƙayi a masussuka. Ƙwayar gaskiya kuwa tana tara tsabarta wuri ɗaya ta yi tudu. A zanen 2017 tudu biyar ne suka miƙe, siriri kowannensu, a kusa da MeV 3000 da 3050 da 3066 da 3090 da 3119. Faɗin tudu ma awo ne, domin iya sirantarsa iya tsawon rayuwar ƙwayar. Na 3050 faɗinsa kusan MeV ɗaya ne, abin da ke nufin rayuwar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan sau tiriliyan na daƙiƙa ba. Amma ita na'urar tana da nata dishi-dishin da ke faɗaɗa kowane tudu, kuma sai an san girmansa ta hanyar kwaikwayon kwamfuta kafin a ce ga faɗin gaskiya.

Ganin tudu ba shi ne gano ƙwaya ba, kuma wannan ne wurin da na fi tsananta wa ɗalibai. Na taɓa zama da wani ɗalibina yana gwaji da bayanan koyo, ya kira ni da murna ya nuna mini wani ɗan tudu a allon kwamfutarsa. Na ce masa ya sauya faɗin gidajen da ya raba zanen. Da ya sauya, tudun ya baje, muka zauna muna kallon fili. Gwajin farko da ƙwararru ke yi shi ne su haɗa Ksi-c da kayon mai caji irin nasa, haɗin da Omega-c ba zai taɓa haifarwa ba. Idan tudun ya sake fitowa a nan, to na'ura ce ko tacewar ta ƙirƙire shi. Na biyu shi ne neman inuwa. Wani lokaci Omega-c yakan wargaje zuwa wani ɗan'uwan Ksi-c mai ɗan ƙarin nauyi, shi kuma ya fitar da ƙwayar haske wadda ba a kama ba, sai nauyin da aka lissafa ya gaza, ya yi wani tudu na ƙarya a ƙasa da wurinsa. Masu LHCb sun saka irin waɗannan inuwoyi a cikin lissafinsu. Na uku shi ne ma'aunin sigma biyar, wato yiwuwar ƙaiƙayi kaɗai ya tara irin wannan tudu ta zama kusan ɗaya cikin miliyan uku da rabi. Har ila yau sai an yi la'akari da cewa wanda ya leƙa wurare da yawa ya fi sauƙin cin karo da tudun sa'a.

Ko bayan wannan duka, ana jiran shaidar wani. Gwajin Belle a Tsukuba ta ƙasar Japan, inda ake gwara ilektiron da kishiyarsa, ya tabbatar da huɗu daga cikin biyar ɗin, ban da na 3119. A 2021 LHCb ta sake ganin waɗannan huɗun a cikin wargajewar Omega-b, wani bariyon da ya fi Omega-c nauyi, hanyar da ke da amfani na musamman, domin idan an san juyin uwa, kusurwar da 'ya'ya ke fita tana ba da haske kan juyin ƙwayar da ke tsakani. A 2023, da ƙarin bayanai, ta sake tabbatar da biyar ɗin kuma ta ƙara biyu masu faɗi, a 3185 da 3327. Irin wannan hanya ce ta fitar da sabbin Ksi-c uku a 2020, a 2923 da 2939 da 2965, ta ƙofar Lamda-c da kayon. Ƙa'idar kwak ta yi hasashen yanayi biyar na Omega-c idan kwak biyun s suna kewaya cham da mataki na farko, amma wasu masana suna ganin wasu daga cikin tudun haɗin bariyon ne da mison, wato ƙwaya irin su kayon da fayon, kuma awon juyi ne zai raba gardamar.

Ga ɗalibin da ke Yelwa ko Gubi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, shawarata ita ce kada ya fara da Omega-c. Ya fara da D0, wani mison mai cham, mai nauyin MeV 1865, wanda ke wargajewa zuwa kayon da fayon, sawu biyu kawai, kuma shi ne atisayen da LHCb kanta ke ba ɗalibai a darussanta na koyo. CERN tana da rumbun bayanai a buɗe a intanet, manhajar nazarin bayanai ta ROOT kyauta ce, Python ma haka. Bayanan gwajin gaba ɗaya sun fi ƙarfin datar kowa a nan, don haka a sauke ƙananan fayilolin koyarwa a lokacin da sabis ya fi ƙarfi, a yi aiki da su ba tare da intanet ba. Idan tudun D0 ya fito, a sauya sharaɗin tazara daga wurin karo, a lura da yadda ƙaiƙayin ke raguwa da kuma yawan tsabar da ke bin sa, a rubuta adadin a littafi kowane sauyi. Bayan nan sai a matsa zuwa Lamda-c mai sawu uku, furoton da kayon da fayon, a nemi tudunsa a 2286.